Uelese Ba Ya Sha a Tsaye

'Yan uwana masu bibiyar labarin nan, na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in daina wahalar da kaina in auri ɗan makarantar fasto kowa ya huta. Na gode da shawara, amma ki bari ki ji abin da ya faru ranar Asabar tukuna. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Fetuao, aikin jinya nake yi a ƙaramin asibitin yankinmu, gidanmu yana Vailupe, a bakin hanyar da ta bi gefen teku zuwa Apia, babban birnin tsibirinmu. Maza biyu ke nemana. Ina son ɗaya, dangina suna son ɗayan.

Na dangi shi ne Eteuati, wanda bana zai gama makarantar fasto. Ba zan yi masa sharri ba, yaron ba shi da aibu. Kullum rigarsa fara tas, muryarsa a ƙasa, in ya zo gidanmu har kwanuka yake taya mu kwashewa. Matsayin matar fasto kuwa ba sai na faɗa ba, ita ke da tabarma mai laushi, ita ke da babban kifi. Gwaggo Leata, yayar Babana, ta riga ta gama hango ni da farar hula a layin gaba na coci. A gidanmu kuma in Gwaggo ta yi magana an gama. Baba yana da sarauta, yakan dogara sandarsa ya yi wa gari guda jawabi, amma 'yar uwarsa na ɗaga gira sai ka ga ya shiga neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tabarma.

Nawa kuma shi ne Uelese, direban jan bas ɗin katakon nan da ake jin kiɗansa kafin a hango shi. Haɗuwarmu ba ta da wani abin burgewa. Ya zo awo, na ɗauko abin awon jini ya ƙi zagaye damtsensa, sai da na nemo babba. Sikarinsa ya hau. Ciwon nan ne ya fara cin ƙafar mahaifiyarsa kafin ya ɗauke ta yana ƙarami, kakarsa Oliana ce ta rene shi. Na yi masa faɗan da nake yi wa kowa, irin wanda mutum zai ce to, ya fita ya sayi soyayyar wutsiyar talotalo a bakin ƙofar asibitin. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To me zan yi?" Na ce ya rage naman gwangwani, ya riƙa tafiya a ƙasa. Ban san da wanda nake magana ba.

Ya fara da tafiya a hanyar gona, can bayan gari inda ba mai ganinsa sai karnuka. Daga tafiya ya koma sassarfa, daga sassarfa ya koma abin da shi yake kira gudu. Karnukan tun suna binsa da haushi har suka gaji suka koma rakiya. Da asuba yake fita kafin ya tayar da bas, ko ana ruwa ko ba a yi. In ya kai ƙarshen gonarsu sai ya fasa ɗanyar kwakwa, ya zauna kan kututture ya sha, ya juyo. Duk safiya sai ya turo mini hoton ƙafarsa da laka har gwiwa, ba ya rubuta komai a ƙasa. Ni dai ban san ranar da na fara jiran hoton ƙafar mutum kamar albashi ba. Zanensa, don a nan maza ma zane suke ɗaurawa, ya fara zagaye shi har da rara, awonsa ya sauka, ni kuma na faɗa sonsa har wuya.

Laifinsa a wurin Gwaggo ɗaya ne, wai ba ya gama abu. Ya shiga koyon kafinta ya bari. Ya tafi cirar tuffa New Zealand ya dawo zango bai ƙare ba. Na san dalili, duka biyun jikin Kaka ne ya tashi kuma ba ta da kowa sai shi, amma ya hana ni faɗa. Wai ba a mai da tsohuwa hujja.

Ranar Alhamis da yamma muna babbar rumfar gidanmu ana gugar ankon ƙungiyar mata, domin masu shirya tseren gudun da za a yi ranar Asabar sun ba ƙungiyar teburin ruwa, kuma a ƙofar gidanmu za a kafa shi. Ankon shuɗi ne mai fararen furanni, riga mai kama jiki da zane har idon sawu. Gwaggo tana jingine da ginshiƙinta, ta rufe ƙafafunta da tabarma, tana firfita.

"Na ji wai direbanki ma zai yi gudu," ta ce. "Wa ya biyo shi?"

"Tseren famfalaki ne, Gwaggo, na rabin zango. Kilomita ashirin da ɗaya."

"Rabi." Ta kalli matan ɗaya bayan ɗaya. "Ko a nan ma rabin ya zaɓa."

Rumfa ta kwashe da dariya, har da wadda ta kusa ƙone rigar wata. Ni ko murmushi ban yi ba, na danne dutsen guga a kan hannun riga kamar shi ya yi mini laifi.

"Suga," in ji Gwaggo, haka ake kiran yarinya a wurinmu, "ajiye wannan ki zo nan." Na rarrafa na zauna a gabanta. "Iyayen Eteuati sun gaji da jira, ni ma na gaji da ba su haƙuri. Ki gaya wa direbanki, in ya koma Apia da ƙafarsa, zan zauna in ji ta bakinsa. Ban ce na ba shi ba, na ce zan ji. In kuwa motar da ke kwasar waɗanda suka gaza ce ta mayar da shi, kada in ƙara jin sunansa a rumfar nan." Ta juya wajen Baba. "Ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Baba, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba.

Na yi niyyar ɓoye masa, don kada in ɗora masa kaya a kan kaya. To amma maganar da aka yi gaban ƙungiyar mata ai ta riga ta hau bas. Kafin azahar ɗin Juma'a wayata ta yi ƙara, Uelese ne.

"Na ji hukuncin kotu."

"Don Allah kada ka sa a ranka."

"Ya riga ya shiga. Amma ba komai, ai kullum Apia nake zuwa, gobe ne dai babu taya."

"Ka sha ruwa a duk teburin da ka gani. Ba na son jin ba ka jin ƙishi. Rana za ta yi zafi."

"An gama, likita."

Ku riƙe wannan, da bakina na ce ya sha a duk tebur. In akwai laifi a abin da ya biyo baya, ina da kaso.

Asabar gari na wayewa muka fito cikin anko, kowacce da fure a kunne. Mun shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, muka jera kofunan takarda, muka zagaye ƙafafun teburin da ganyen kwakwa. Gwaggo ta sa aka kawo mata kujera. Baba da sauran dattawa suna cikin rumfa a zaune suna kallon hanya. Eteuati ma ya zo taimako, ya naɗe hannun farar rigarsa yana ɗauko jarkokin ruwa, matan sai leƙena suke suna ƙifta ido. Tun da duhu aka saki masu tseren daga Apia. Za su bi ta gabanmu, su wuce garuruwa uku, su juyo, su sake bi ta gabanmu. Ke nan sau biyu Gwaggo za ta gan shi.

Muna cikin jera kofuna saƙon Siniva ya shigo. Ƙawata ce, tana teburin farko kusa da birni.

"Suga, mutuminki lafiya kuwa?"

"Me ya faru? Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba. Zama ya yi."

Sai ga bidiyo. Mutane na wucewa a guje, kowa ya fizgi kofi ya kurɓa ya watsa saura a ka ya jefar. Ga Uelese nan ya iso, lambar tsere a manne a ƙirji, zanensa a ɗaure kan gajeren wando domin ya ce ba zai ratsa garin mutane da cinya a waje ba. Ya karɓi kofi da hannu biyu, ya koma gefen hanya, ya naɗe ƙafafu ya zauna daram. Ya sha ruwansa a nutse, ya tashi, ya mayar da kofin, ya yi godiya, sannan ya ci gaba. Ana jin dariyar Siniva a bayan wayar.

Na dafe kai. Dukkanmu da tsintsiyar kwakwa aka koya mana ba a ci ba a sha a tsaye a cikin gari, balle a gaban manya. Amma yau wa ke tuna wannan? Hanyar gona da ya saba ba gari ba ce, a can ma kuma sai ya kai ƙarshe yake sha. Ita kuwa hanyar bakin teku gari ne manne da gari, ko'ina rumfuna, ko'ina dattawa. Ban taɓa kawo wa raina ba, shi ma na tabbata bai ɗauke shi wani abu ba. Ya ga ruwa, ya ga manya, ya zauna. Na kira wayarsa, sai na tuna ya bar ta wurin Kaka.

Na gaba-gaba suka fara isowa, sirara, ba ka jin ko takunsu. Bayansu Turawa da 'yan birni, wata da wandon da Gwaggo ta kalla ta kawar da kai tana ambaton sunan Ubangiji. Kofuna sai tashi suke suna faɗuwa a kan kwalta. Akwai yaran da na sani, 'ya'yan manyan gidaje, suka fizgi ruwa a gaban rumfar dattawa suna sha suna gudu, ba wanda ya ce musu uffan, ai tsere ne. Can bayan an yi sauƙi sai ga shi, yana tafe da ƙarfinsa, rigarsa ta jiƙe sharaf, fuskarsa a sake. Da ya zo daidai rumfa ya rage gudu ya rusuna ya ce, "Tulou," wato gafara dai. Ni na miƙa masa kofi, na ce ƙasa-ƙasa, "Kada ka zauna. Sha ka wuce."

Ya kalle ni kamar na ce ya tuɓe. Ya dubi Gwaggo a kujerarta, ya dubi dattawa, ya je gefen ciyawa ya zauna.

"Ikon Allah," in ji wata cikin matan. "A kawo masa gwaza mana, tunda baƙunta ya zo."

Aka yi dariya. Ya sha, ya dafa ƙasa ya miƙe, na ga sai da ya ɗan cije leɓe. Ya ajiye kofin a hannuna ya ce, "Na gode da hidima," ya wuce. Na saci kallon Gwaggo ina jiran ta ɗora tata baƙar maganar. Maficinta ne kawai ya tsaya.

Aikin jinya ya sa na san abin da ke tafe. Mai jiki irin nasa, in tsoka ta yi zafi ya naɗe ta ya zauna, ya tashi, ya sake naɗewa, to yana kiran ɗaurewar jijiya ne da bakinsa. Ga rana ta fito da fushinta. Masu dawowa suka fara wucewa, na farko, na tsakiya, har tsofaffin Turawan da ke tafe suna hira. Ruwanmu ya yi ɗumi. Eteuati ya zo kusa da ni da jarka ya ce, "Zai zo. Mai irin wannan haƙurin ba ya tsayawa a hanya." Kunya ta kama ni. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Sai da hanya ta yi tsit sannan muka hango shi daga kwanar coci. Gudun ya zama jan ƙafa, amma bai zama tafiya ba. A bayansa kaɗan ga bas ɗin kwasar waɗanda suka gaza yana binsa a hankali, mutum biyar ko shida a ciki sun jingina kai da taga. Direban abokin aikinsa ne, ya leƙo da kai yana yi masa tsiya.

"Sole," in ji shi, haka maza ke kiran juna a nan, "shigo mana, na ajiye maka kujerar gaba. Ko kuɗin mota ba zan karɓa ba."

Uelese ya ɗaga masa hannu bai juya ba. Ya iso tebur, leɓensa ya bushe fari. Na riƙe kofin ban sake ba. "Uelese, don girman Allah." Ya zare shi daga hannuna a hankali, ya rusuna wa rumfa, ya je ya zauna. Ya shanye, ya dafa ƙasa zai tashi, sai ƙafar dama ta ƙi. Na ga tsokar ƙwaurinsa ta dunƙule. Ya sake yunƙurawa, ta hagu ma ta ɗaure. Bai yi ƙara ba, ya dai kwanta da baya a kan ciyawa ya rufe ido da hannu. Bas ya tsaya, ƙofarsa a buɗe.

Ina faɗa muku gaskiya, kunya ce ta hana ni zuwa wurinsa. Ma'aikaciyar jinya guda, amma idon gari yana kaina, ga Baba, ga Eteuati, na kasa taku ɗaya. A raina na ce shi ke nan, an gama, Fetuao sai ki fara gwada farar hula. Sai na ji ƙarar kujera. Gwaggo Leata ce ta miƙe, da ciwon gwiwarta da komai, ta taka har inda yake ta tsaya a kansa.

"Kai. Wa ya ce ka zauna?"

Ya yi ƙoƙarin tashi zaune. "Ba a sha a tsaye a gaban manya, Mama."

"Tun daga Apia kake wannan zaman?"

"Duk inda aka ba ni ruwa."

"Sauran da suka wuce fa, ba ka gan su ba?"

"Na gan su."

"To?"

"Su ba Kaka ce ta rene su ba."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "A ba ni man kwakwa." Aka ruga aka kawo kwalba. Matar nan da ko a coci sai an riƙe ta take durƙusawa, ta zube a kan ciyawa da sabon ankonta, ta kama ƙwaurin direbana ta ɗora a cinya, ta shiga murza da babban yatsa. Tana murza tana faɗa. "Ƙaton banza. Wa ya ce maka ladabi kashe kai ne? Miƙe ta. Na ce miƙe ta, ba yanka ka zan yi ba." Shi kuwa gumi da hawaye sun haɗu, sai cewa yake, "Yi haƙuri, Mama, na ɓata miki zane." Sai a lokacin na matso, na durƙusa na kama ɗayar ina tura tafin sama. A hankali tsokar ta fara saki.

Direban bas ya leƙo. "Mama, an ce in kwashe duk wanda ya kwanta."

"Ka ga wanda ya kwanta a nan? Hutawa yake. Kashe motarka ka sha ruwa."

Ya kashe kuwa. Eteuati ya zo ya sa kafaɗarsa a hammatar Uelese ya ɗaga shi, farar rigar nan ta sha mai da laka. Ni na ɗaga Gwaggo. Uelese ya tsaya yana gwada ƙafa, ta ɗauke shi. Sauran tafiya kusan kashi ɗaya cikin uku, da tebura a gaba, kuma kowa a wurin ya san in ya sake zama sau ɗaya ba mai tashinsa sai bas.

"Daga nan har Apia kada ka ƙara zama," in ji Gwaggo.

"To ba zan sha ba ke nan, Mama."

"Za ka sha."

Ya sunkuyar da kai. Na san wannan halin nasa, ba zai yi musu ba kuma ba zai yi ba. Gwaggo ma ta gane. Ta ja tsaki, ta taka zuwa tebur, ta ɗauki kofi. Wannan ita ce matar da ta zane rabin garinmu a kan ci a tsaye, ni kaina akwai tabon tsintsiyarta a ƙafata. Ta tsaya a tsakiyar hanya, gaban rumfar dattawa, gaban ƙaninta mai sarauta, ta ɗaga kofin ta shanye tas a tsaye. Ba ka jin komai sai teku. Wata tsohuwa ta rufe baki da mafici.

Ta goge baki da bayan hannu ta dube shi. "Ka gani. Yanzu in ka je gaba ka zauna, ka nuna wa duniya ka fi ni tarbiyya ke nan. Ka fi ni?"

"A'a, Mama."

"To kama hanya." Ta juyo kaina. "Ke kuma kin tsaya kina zare ido kamar ba a asibiti kike aiki ba. Ɗauki gora ki bi shi. In ya faɗi ke zan tambaya."

Na zaci kunnena ne. Na dubi Baba, ya ɗaga mini gira daga cikin rumfa, wato tafi. Eteuati ne ya cika gorar ya miƙo mini. Idonmu ya haɗu, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yi sauri, ya fara nisa." Har yanzu in na tuna fuskarsa a lokacin sai tausayinsa ya kama ni. Na tattare zanen anko zuwa ƙwauri, da silifas ɗina, na bi bayan direbana.

Ni da nake yi wa mutane wa'azin motsa jiki, ashe ban taɓa gudun da ya wuce na tarar bas ba. Kafin mu fita garinmu numfashina ya fara fita da ƙara. Furen kunnena ya faɗi ban san inda ba. Uelese yana jan ƙafa yana kallona ta gefen ido.

"Likita, ko in kira miki bas ɗin?"

"Rufe mini baki ka yi gudunka."

"Ki rage naman gwangwani."

Da ina da numfashi da na rama. A teburi na gaba mata suka miƙo masa kofi, ga dattawansu a rumfa. Na ga gwiwarsa ta fara lanƙwasawa da kanta. Na ce, "Uelese, Gwaggo." Ya tsaya cak, ya juya wa rumfar baya, ya fuskanci teku, ya kare kofin da tafin hannu ya sha kamar mai sata. Kunnuwansa har sun yi ja. Ya ce a hankali, "Kada ki gaya wa Kaka." Ban taɓa ganin abin da ya ba ni dariya ya kuma sa ni ƙwalla lokaci guda irin wannan ba.

Haka muka yi ta tafiya, in ya gaji ya taka, in ya samu ƙarfi ya ɗaga. Labari ya riga mu, don bidiyon Siniva ya zagaya. Yara suna tafa masa, tsofaffi suna kiran "jan bas" daga rumfuna, wani mai shago ya fito da tiyo ya fesa mana ruwa. Silifas ɗina ɗaya ya tsinke na cire duka na riƙe a hannu. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ƙafafun nan da na ji da hannuna yadda suka ɗaure, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana kuma yi wa duk wanda ya gaishe shi godiya. Ina bayansa ina kallon faɗin bayan nan, na ce a raina ko Gwaggo ta ji ta bakinsa ko kada ta ji, ni na gama ji.

Da muka shiga Apia aka hango ƙofar gamawa a bakin ruwa, sai ya gyara ɗaurin zanensa ya ce, "Nan kam da gudu zan shiga." Na koma gefe na bar shi. Ba shi ne na ƙarshe ba, akwai wani dattijon Bature da muka wuce a hanya, kuma sai da ya tsaya ya jira shi ya ba shi hannu bayan an rataya masa lambar yabo. Daga nan ya nufi gindin wata bishiya inda wata 'yar tsohuwa ke zaune kan tabarma da farar riga da mafici. Ya zube a gabanta, ya cire lambar ya sa mata a wuya. Ta shafa kansa.

Wayata ta yi ƙara, lambar Baba ce amma muryar Gwaggo.

"Ya kai?"

"Ya kai, Gwaggo. Da ƙafarsa."

"To. Gobe bayan coci. Ki ce ya zo da kakarsa, ita nake son gani." Ta kashe.

Na ƙarasa gindin bishiyar ƙafa ba takalmi, anko ya manne mini a jiki, maƙogwarona kamar an zuba yashi. Ban taɓa haɗuwa da Kaka Oliana ba sai ranar. Na gaishe ta ina haki, na isar da saƙon Gwaggo. Uelese ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Tsohuwar ta gyara lambar a wuyanta ta ce, "Za mu zo. Ki gaya wa Leata ni ma ina da tambayoyi a kan 'yarsu."

Ta faɗi haka tana kallona tun daga ƙafa har sama, kallon ya zo ya tsaya a bakina. Uelese ya buɗe ido, ya zaro su, ya shiga yi mini alama da hannu in yi ƙasa. Sai a lokacin na lura a tsaye nake a kan tsohuwar mutane, gora a bakina, na kusa shanye rabi.